Yadda za ka buɗe littafin shekara, ka riƙa rubuta abin da ka gani da abin da ka ji

Abin da nake so in nuna maka ba wani abu ba ne mai wuya, littafi ɗaya ne da biro sai kuma kunne. Za ka riƙa rubuta abin da ke faruwa a unguwarku ko ƙauyenku yadda shekara ke juyawa, ranar da aka yi ruwan farko, ranar da hazo ya sauko, nawa tiyar gero take a kaka nawa take komawa in bazara ta yi, sannan abin da ya fi damuna a ciki duka, maganar da mutane ke yi a kowane lokaci, da bakinsu yadda suka faɗe ta. Yaran da ke tasowa yanzu cikin birnin Katsina da yawansu in ka ce masu agazari ko binne ko maimai sai su tsaya suna kallonka, kuma wallahi ba laifinsu ba ne, kalmomin nan a gona suke zaune da bakin rumbu da gindin turmi, wanda bai je can ba ina zai ji su. Tsofaffin da suka riƙe su kuma kullum raguwa suke yi, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Ka samu littafi mai kwali a baya, ba irin mai laushin nan da ke yagewa cikin wata biyu ba, ka sa shi a leda saboda danshin damina da gara. Waya tana da amfani sosai wajen ɗaukar murya da hoto, amma kar ka dogara da ita ita kaɗai, waya tana ɓata, tana faɗawa ruwa, ko ta cika a goge abin da ke ciki a kan kuskure, don haka duk abin da ka ɗauka da rana ka zauna da dare ka kwafe shi a takarda. In a waya kake son rubutawa to ka sa Hausa a Gboard, akwai ta, za ka samu ƙ da ɗ da ɓ, don in ka bar su wanda zai karanta bayan shekara ashirin ba zai san yadda aka furta kalmar ba.

Kwanan wata kuma uku za ka riƙa sawa a saman kowane shafi. Na boko, na Hijira, sai lokacin da ake ciki na shekara. Dalilin haɗa su shi ne shekarar Hijira ta gaza ta boko da kusan kwana 11, shi ya sa azumi ke yawo cikin yanayi, sai ya yi kamar shekara 33 kafin ya dawo inda ya taso. Duk wanda ya yi wayo ya tuna a 2011 da 2012 da 2013 cikin damina aka yi azumi, Yuli da Agusta, ana noma da ƙishirwa, a 2021 da 2022 kuma tsakiyar zafin Afrilu ya faɗo, a 2025 ya kama farkon Maris, yanzu sanyi ya nufa. In tsohuwa ta ce maka an haifi wane a watan azumin tsofaffi ko watan cika-ciki, wannan bai gaya maka ko ana ruwa ko ana ɗari ba, sai ka ƙara tambaya. Sallar Gani ta Daura ma haka take, Rabi'ul Awwal take bi, ba ruwanta da kaka ko rani. In akwai malami mai lissafin taurari kusa da ku to ka je ka gaishe shi ka zauna, su sun raba shekara gida 28, kowane tauraro kwana 13 ɗaya ne kawai ke da 14, shi ke cika 365, kuma shi wannan lissafin da rana yake tafiya don haka bai gocewa yanayi. Za ka ji manoma tsofaffi suna ambaton Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabaha a cikin damina, ka tambaye su wane aiki ake yi a kowanne, ka rubuta yadda suka ce.

Yanzu maganar tambaya, nan ne mutane da yawa ke ɓata abin. Kar ka je wa dattijo da takarda a hannu kana jero tambayoyi sai ka ce jami'in ƙidaya, zai ba ka amsa biyu ya yi shiru. Ka je lokacin da yake aiki ko yake hutawa a gindin bishiya bayan la'asar, ka durƙusa ka gaida shi yadda ya kamata, Baba ina wuni, ina gajiya, ya iyali, in da hali ka riƙe ɗan goro, ka kama mashi aikin in akwai na kamawa. Kuma kar ka ce Baba mene ne ma'anar kaza. Ka ce Baba da can in an yi ruwan farko me kuke fara yi, sai ka bar shi ya yi ta zuba, kalmomin da kake nema da ma waɗanda ba ka san akwai su ba za su fito da kansu a cikin labarin. Rabin abin kuma a wurin mata yake, Inna da Gwaggo da Iya su suka san surfe da bakace da shiƙa da ribɗi da tankaɗe, su suka san wane ganye ake ci a wane wata, su ke da waƙoƙin daka da lugude. In ke mace ce kin fi mu samun wannan ƙofar, ki yi amfani da ita don Allah. Kafin ka danna rikodin ka nemi izini, musamman muryar mata, kuma kar ka kai muryar kowa WhatsApp ko Facebook sai ya yarda, amana ce.

Abu ɗaya da nake roƙonka, kar ka gyara masu Hausa. In tsoho ya ce lahiya ka rubuta lahiya, in ya ce halshe ko malka ko galma ko hauya haka za ka sa, kar ka maida shi irin ta littafin makaranta. Ka rubuta garin mai maganar a gefe, don bakin mutumin Daura daban da na mutumin Jibiya da ke kallon Maraɗi, daban kuma da na Funtuwa da ya fi kusa da Zariya, jiha ɗaya ce tun 1987 amma kunne na jin bambancin. Gaisuwa ma ka rubuta ta, don ita ce ta fi saurin nuna lokaci, ya zafi, ya ruwa, ya sanyi, da amsar da ake bayarwa.

Ka fara duk lokacin da kake ciki, ba sai ka jira sabuwar shekara ba, amma ni da bazara nake ganin shekarar manomi ke farawa don haka bari mu bi ta nan. Daga Maris zuwa Mayu zafi ne tsagwaronsa, a Afrilu yakan haura digiri 40, kowa ya fito da tabarma tsakar gida ko ƙofar gida ya kwana, ruwan randa ya yi daraja, rijiyoyi su ja baya, 'yan ga-ruwa su ƙara kuɗin jarka, to rubuta kuɗin jarkar da na ƙanƙara. Rubuta ranar da ka fara ganin mangwaro a kasuwa da ranar da ya yi arha, da lokacin da ɗorawa ta nuna. Lokacin sanƙarau ne kuma da ƙyanda, wanda ya ga annobar sanƙarau ta 1996 ba zai yi wasa da cunkoso a ɗaki ba iska ba. A gona ana sharar gona ana ƙona tushiya ana kai taki da jakai ko amalanken shanu, a gida ana yaɓe ana gyaran soro da indararo kafin ruwa ya zo. Sai alamomi, waɗannan su nake so ka sa wa ido sosai, ranar da ka fara ganin shamuwa, ranar da gawo ya fara zubar da ganye, don shi gawo saɓanin sauran itatuwa yake, da damina yake tsirara da rani ya yi kore, shi ya sa manomi ke barinsa a tsakiyar gona bai tare wa shuka rana ga taki yana zubarwa. Ka lura da iska ma, in ta bar busowa daga arewa maso gabas ta koma tana zuwa daga kudu maso yamma da ɗan danshi to ruwa ya kusa, amma shi hadarin kansa yawanci daga gabas yake tasowa, da jan ƙura a gabansa.

Damina ita ce za ta cinye maka shafuka, kuma ta cancanta. Ranar ruwan farko ka rubuta ƙarfe nawa ya fara, ya daɗe ko bai daɗe ba, sannan washegari ka bi manoma ka ji ko sun ce ya kai shuka, za ka ga mutum ya tona ƙasa da hannu ya ga inda laima ta tsaya kafin ya ɗauki sungumi. Wasu ma ba su jira, sun riga sun yi binne, wato sun zuba iri a busasshiyar ƙasa suna jiran ruwa ya same shi a ciki, in an dace sun riga kowa in ruwan ya yi ɗan kaɗan ya ɗauke iri ya tsiro ya ƙone sai a sake. Ka rubuta sau nawa aka yi shuka a shekarar, wannan kaɗai labari ne babba. In kana son auna ruwan da kanka abu ne mai sauƙi, samu gwangwani mai miƙaƙƙen jiki wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, ka ajiye a fili nesa da bango da bishiya, a ɗan ɗaga shi daga ƙasa don kar awaki su ture, kowace safiya lokaci ɗaya ka sa rula ka ga milimita nawa ya taru ka rubuta ka zubar. Wajen Katsina da Daura abin da ake samu a shekara yana kewayen milimita 600 ne ko sama kaɗan, Funtuwa kuwa yakan kai 1000, kuma can ruwa ke fara sauka tun Mayu mu nan arewa sau da yawa sai Yuni. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara ana faɗa a rediyo, ka rubuta abin da suka ce game da yankinku a shafi ɗaya, ƙarshen damina ka gwada da abin da gwangwaninka ya nuna.

Shi ruwan ma ba suna ɗaya gare shi ba, akwai yayyafi akwai mamako akwai wanda za a ce an yi shi kamar da bakin ƙwarya, akwai hadarin da zai haɗu baƙi ƙirin a yi ta cida da walƙiya iska ta watsa shi ko ɗigo ba a samu ba. Duk yadda ka ji an kira shi rubuta. Aikin gona kuma bi shi daki-daki, noman firi wato noman farko, sai maimai wato na biyu, sai huɗa, wa ke yin gayya har yanzu wa ya koma biyan 'yan ƙwadago, nawa ake biyan mutum a wuni, nawa buhun takin zamani. Shi gero ka riƙa leƙa shi, ranar da ya yi ciki, ranar da ya fidda kai, ranar da ya yi bununi, har ranar da yara suka fara gasa tumu. In ruwa ya ɗauke a tsakiya aka shiga fari, ƙirga kwanakin, ka rubuta ranar da aka fita roƙon ruwa da ranar da Allah ya kawo shi.

Sai malka a watan Agusta, kwana da kwanaki rana ba ta fito ba, wanki bai bushewa, itace ya jiƙe mata na fama da hayaƙi, katangun ƙasa na zubewa. Wannan shi ne lokacin da ya fi tsanani ga talaka kuma mutanen birni da yawa ba su sani ba, ko'ina kore shar amma rumbu ya ƙare sabo bai iso ba, hatsi ya yi tsada, gidaje da yawa tafasa da rama da yaɗiya ke riƙe su, a yi kwaɗo da ƙuli a ci a sha ruwa. Ka saurari yadda mutane ke magana a wannan lokacin, za ka ce wa mutum ya ruwa ya ce maka ruwa ya yi gyara alhali daren jiya bangon ɗakinsa ya faɗi, ni wannan amsar tana taɓa ni ƙwarai, don ya san ruwan da ya kada mashi bango shi ne zai cika mashi rumbu kuma ba ya son ya yi wa rahama ƙorafi. In an yi ambaliya rubuta ta da inda ruwan ya bi, mutanen Jibiya ba za su manta da ta watan Yulin 2018 ba da ta ci rayuka da dama cikin dare, irin wannan rubutun yana iya hana wani gina gida a kan hanyar ruwa nan gaba. Sauro ma lokacinsa ne, in masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun zo gida-gida ka sa ranar, zai taimaka maku ku san lokacin zagaye na gaba.

Wata magana a nan da ba zan tsallake ba. In kana yankin da 'yan bindiga suka addaba, wajen Batsari ko Safana ko Ɗanmusa ko Ƙanƙara da makamantansu, kar ka shiga daji ko gona mai nisa saboda littafi, ranka ya fi shi. Ka tambayi waɗanda suka taso daga can suna zaune cikin gari, suna da labarin gonakinsu a ka, kuma da yawansu suna son a saurare su. Gonar da ba a noma ba a shekarar ita ma ka rubuta ta, da dalili. Allah ya kawo mana ƙarshen abin nan.

In ruwa ya fara ja baya wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba akwai wani zafi mai gumi da ke zuwa kafin sanyi, shi ne agazari, sai raɓa da safe, daga nan an shiga kaka. Gero ke fara isowa don shi wajen wata uku yake yi, dawa da maiwa sai can baya. Rubuta dami nawa aka samu a gonar gidanku, a gwada da bara, an fidda zakka, ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar in ya kai nisabi, ɗaya cikin ashirin ga na ban-ruwa. Ga roron wake, ga cirar gyaɗa, harawa a kan soro da rassan itace, yara da tsofaffi na kala a gonakin da aka gama. Nan ne za ka sa farashi sosai, tiyar gero da dawa da wake da masara a kasuwar da ta fi kusa da kai, ko Mai'aduwa ce ko Charanci ko Ɗandume, don wanda ya riƙe farashin kaka da na Agusta shekara biyu uku a jere ba sai an gaya mashi lokacin sayen abincin gida ba. Bukukuwan aure sun yi yawa, da can lokacin dambe da kokawa da kalankuwa ke nan, ka tambaya ko har yanzu ana yi a wajenku in an bari kuma yaushe aka bari.

Da yake hankali ya kwanta a kaka, lokacin ne ya fi daɗin tambayar tsofaffi shekarun baya. Su ba da lamba suke riƙe shekara ba, da abin da ya faru suke riƙe ta, shekarar fara, shekarar yunwa kaza, kuma kowace yunwa da sunanta, ta wajen 1914 Kakalaba ake ce mata, sannan akwai farin 1973 da na 1984 waɗanda masu rai da yawa sun gani da idonsu, ka tambaya me ake kiransu a garinku da me aka ci aka rayu. Ka bi sunayen mutane ma, Anaruwa da Nomau da Citumu da Ciwake da Ɗan'azumi da Sallau, kowanne yana gaya maka lokacin da aka haifi mai shi, yanzu an rage sa irinsu don haka in akwai a danginku rubuta da labarin yadda aka sa.

Ɗari ba sai na daɗe a kansa ba don kowa na jinsa a jikinsa. Disamba da Janairu, rubuta ranar da hazo ya fara da ranakun da ya yi kauri har jirgi ya kasa sauka, ƙurar nan mafi yawanta daga wani kwari take tasowa a arewacin ƙasar Chadi da ake kira Bodele iska ta kwaso ta har nan. Leɓe ya tsage, kaushi da faso, a nemi man kaɗe, yara na jin ɗumi da safe a bakin wutar kara, da dare a yi tatsuniya in har akwai gidan da waya ta bar masu wannan, in ka samu ɗauki muryar mai yin ta gaba ɗaya tun daga ga ta nan ga ta nanku. A kiyaye da shiga da garwashi ɗaki a rufe ƙofa da taga, yana kashe mutane cikin barci, gobara ma lokacinta ne. Matasa sun tafi cin rani, rubuta ina suka fi zuwa bana da yaushe suke dawowa, waɗanda suka zauna kuma suna noman rani a bakin madatsun ruwa irin Jibiya da Zobe da Ajiwa da Sabke da Daberam, tumatir da albasa da alkama wadda ita sai da sanyin take yi. Ga rake ga dankali ga soyayyar fara a bakin hanya, ga masu gini sun samu lokacin buga tubali tunda ba ruwan da zai ɓata masu.

Ba dole sai kullum za ka yi rubutu ba, sau biyu ko uku a sati ya isa, layi biyar ma ya isa, in ka tsallake sati biyu kar ka ce ai ya lalace ka ci gaba daga inda kake. Ka ware shafuka goma na ƙarshen littafin don kalmomi kawai, kowace kalma da jimlar da ka ji ta a ciki da garin wanda ya faɗa da lambar shafin da labarin yake, don kalma ba jimla bayan shekara biyu kai kanka sai ka rasa yadda ake amfani da ita. Ka riƙa karanta wa yaran gida abin da ka rubuta, ka aike su su ma su tambayo kakanninsu, sau da yawa tsohuwa ta fi sakin baki da jikanta saboda wasan da ke tsakaninsu. In shekara ta zagayo ka buɗe sabon littafi ka ajiye tsohon kusa, ranar ruwan farko na bana ka duba na bara, haka farashi haka zuwan shamuwa. Shi tsohon ka rubuta shekararsa da sunan garinku a bango da babban baƙi, ka ɗauki hoton kowane shafi ka tura wa wani ɗan'uwa ya ajiye a wayarsa shi ma, sannan ka naɗe shi a leda ka sa cikin akwatin ƙarfe inda gara da ɓera ba za su kai gare shi ba.